Bahago da maƙerin bindiga: kurakuran da ake tafkawa wajen ba da aikin bindigar farauta

Duk bahagon da ya taɓa farauta da bindigar dama ya san wannan rawar. Ka ɗora gindinta a kafaɗar hagu, ka ja kunama, sai dole ka ɗage kuncinka, ka tsallaka da hannu ta saman madubin saiti kana laluben sakata a ɗaya gefen. Ka ja, kwanso mai zafi ya gilma ta gaban hancinka. Kafin ka mayar da ido, barewa ta kai wani gari. Shekara uku na yi ina wannan fama a dazuzzukan jihar Ohayo ta Amurka, inda neman abinci ya ajiye ni, kafin na ce a kai kasuwa, zan nemi maƙerin da zai haɗa mini tawa. A wannan neman na yi tuntuɓe, na kuma ga inda wasu suka faɗi.

Idan na ce sakata, ina nufin ƙarfen nan mai hannu da ake ɗagawa a ja baya don fitar da kwanso, a tura gaba don ɗura sabon harsashi. Gidan sakata kuwa shi ne uwar bindigar, mai ɗauke da lambarta, inda ake ɗaura hanci da kunama da ƙota.

Tun kafin a je gaban maƙeri ake fara kuskure, wato a yi tambayar hannu a manta da ido. Mu da muka taso a gida mun fi kowa shiga wannan ruɗani, don yaron da aka haifa bahago tun a bakin akushi ake make masa hannu har ya koyi ci da dama, ya karɓi abu da dama, wani ma ya yi rubutu da dama. Hannu ya ji magana, amma ido ba ya jin bulala. Kowane mutum yana da idon da ke jagorantar ganinsa, kuma ba lallai ya zama gefe ɗaya da hannunsa ba. Gwajin ba ya cin minti guda. Miƙa hannayenka biyu, ka haɗa su ka bar 'yar ƙofa a tsakani, ka kalli wani abu mai nisa ta cikinta da idanu biyu a buɗe, sannan ka jawo hannayen a hankali zuwa fuskarka. Idon da ƙofar ta sauka a kansa shi ne jagora. Na san wanda komai nasa da dama yake yi amma idonsa na hagu ne, kuma sai da ya koma kafaɗar hagu harbinsa ya daidaita. Akwai kuma bahagon da idonsa na dama ne, wanda da zai ba da aikin bindigar hagu da ya zubar da kuɗinsa. Maƙerin da ya san aikinsa zai yi maka wannan gwajin kafin ya ɗauki biro.

Wasu kuma sun ɗauka bahago ba shi da mafita sai aikin hannu. Wannan tsohon zance ne. Kamfanin Savage ya fito da samfurin 110 na hagu tun 1959. Remington 700, wadda ta fito a 1962, an daɗe ana yin ta hagu. Yau akwai Tikka ta ƙasar Finlan, akwai Browning X-Bolt, akwai Ruger American, duk da na hagu. Blaser R8 ta Jamus ma sakatarta ake canjawa ta koma ta hagu. Ruger No. 1 mai cin harsashi ɗaɗɗaya kuwa ba ruwanta da hagu ko dama wajen ɗuri. Kuɗin bindigar aikin hannu guda ɗaya zai iya saya maka irin waɗannan uku ko fiye. Ka fara riƙa ɗaya daga cikinsu, ka yi kakar farauta da ita. A nan za ka gane abin da ke damunka, ko tsawon ƙota ne, ko nauyi, ko harsashin da kake so babu shi a ta hagu. Wanda ya je wurin maƙeri bai san ciwonsa ba, abin da maƙerin ya saba yi shi zai karɓo.

Babban ramin da kusan kowa ke faɗawa shi ne zaton da an mayar da hannun sakata gefen hagu shi ke nan. A da can, lokacin da gidan sakata na hagu ke wuyar samu, wasu maƙera kan juya hannun kawai su bar tagar fitar kwanso a dama. Har yanzu ana cin karo da irinsu a kasuwar tsofaffin bindigogi, wani ma ya yi maka tayin juya wadda kake da ita. Ni dai ban ba da shawara ba. Fuskar bahago a gefen dama na ƙota take kwanciya. Ranar da kwanso ya tsage a ciki, wanda abu ne da ke faruwa jefi-jefi, iska mai zafi da ɓurɓushin ƙarfe ta buɗaɗɗen gefen za su nemi hanya, kuma can idonka yake. Gidan sakata na hagu na gaskiya komai nasa a juye yake: hannu, taga, da hanyar fitar iska. Kamfanoni irin su Defiance a Montana da BAT a Aidaho suna ƙera su, yawanci a kan ma'aunin Remington 700 don a sami ƙota da kunamar da za su shiga.

Sai makullin tsaro. A Remington 700 yana zaune ne a gefe, kusa da hannun sakata, don haka kunamar da za a saka dole ta zama mai makulli a hagu. Kamfanonin Timney da TriggerTech duk suna yin irinta, amma sai an faɗa musu. Waɗanda makullinsu ke tsakiya, a bayan sakata, kamar Savage da X-Bolt, babban yatsa na kowane hannu yana kai masa.

Ƙota ita ce ta ba ni kunya. Na gaya wa maƙerina ta waya cewa ni bahago ne, ya ce babu damuwa. Bayan wata bakwai aka kira ni. Sakata a hagu, taga a hagu, na ji daɗi. Ina rungumarta sai na ji tafin hannuna yana lilo, babu abin da ya cika shi, yatsuna kuma suna hawa wani tudu a ɗaya gefen. Ashe tudun mariƙi, wanda ake yi don ya cika tafin hannu, a dama yake. An ɗauki ƙota mai siffar dama aka yanke mata gurbin sakatar hagu. Na yi magana, ya buɗe takardarsa ya nuna mini: abin da aka rubuta gidan sakata na hagu ne, ba a ambaci mariƙi ba. Gaskiyarsa ce a takarda, ni kuwa na sake biya, na sake jiran wata huɗu, kakar barewa ta wuce ina aron bindiga.

Saboda haka a lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Matashin kunci ya kasance a dama. Tudun mariƙi a hagu, ko a bar shi daidai ta kowane gefe. Idan ƙotar katako ce irin ta gargajiya, akan ɗan karkatar da gindinta gefe don ido ya faɗa kan saiti ba tare da an lanƙwasa wuya ba. Ta badame tana karkata dama, ta bahago hagu. Tsawo daga kunama zuwa ƙarshen gindi a bindigogin kanti yakan kai inci 13 da rabi, amma kai a auna ka, kuma ka je awon sanye da rigar sanyin da za ka yi farauta da ita. Wanda aka auna da 'yar shara a watan Yuli zai ji ƙota ta yi masa tsawo a Disamba. Masu yin ƙotar faiba irin su McMillan da Manners ba kowane samfuri suke da shi na hagu ba, don haka a tabbatar kafin a sayi sauran kaya.

Wajen zaɓen maƙerin kansa, mutane hoto ke ruɗarsu. Katako mai sheƙi a Instagram ba ya nuna yadda harsashi ke shiga. Tambayar da ta fi kowace amfani gajera ce: na hagu nawa ka haɗa, kuma zan iya magana da mai guda ɗaya? Wanda ya yi zai ba ka amsa nan take, har ya soma ba ka labarin wahalar samun kaya. Wanda ya ce ai duk ɗaya ne, ka yi masa godiya ka kama hanya. Sannan kowa da fanninsa. Mai haɗa bindigogin gasa masu nauyi daban, mai sassaƙa katakon walnot da hannu daban. Idan irin na biyun kake nema, ƙungiyar American Custom Gunmakers Guild, wadda aka kafa a 1983, tana da jerin mambobinta, kuma sai an duba aikin mutum ake karɓarsa. Ga sauran kuwa, filin gwajin harbi ya fi intanet. Ka ga bahago da bindiga mai kyau, ka gaishe shi ka tambaya. Mutum ɗaya ne cikin kusan goma, mun san zafin juna, ba ya rowar labari.

Kada kunya ta hana ka tambayar lasisi. A Amurka duk mai wannan sana'a dole ya riƙe lasisin tarayya da ake kira FFL daga ATF, hukumar da ke kula da harkar bindigogi. Mai gyara da sayarwa yana da nau'i na 01, mai haɗa sabuwa ya sayar kuma nau'i na 07 yake buƙata. Idan a wata jiha yake, ba zai aiko maka da sabuwar bindiga gida ba. Wurin dillali mai lasisi a jiharka za ta sauka, ka cike fom 4473, a bincika tarihinka, sannan ka karɓa. Wanda ya ce ku yi ta bayan gida, ya nuna maka ko shi wane ne.

Batun harsashi ma da yawa sha'awa suke bi, ba su duba dokar inda za su yi farauta ba. Wani ya ji ana yabon harsashin .30-06 ko 6.5 Creedmoor sai ya ce ita. A Ohayo ba a harbin barewa da ko ɗaya daga cikinsu. Tun 2014 abin da aka halatta a bindiga mai tsagin hanci, wato mai murɗaɗɗun layuka a cikin hancinta da ke juya harsashi, shi ne harsashi mai miƙaƙƙen kwanso marar wuya, irin .45-70, .450 Bushmaster, ko .350 Legend da ta fito a 2019. Kalifoniya kuma tun Yulin 2019 ta hana farauta da harsashin dalma. Harsashin jan ƙarfe ya fi na dalma tsawo a nauyi ɗaya, kuma dogon harsashi yana son hancin da murɗin tsaginsa ya fi sauri, ka ga dokar jiha ta shigo har cikin hancin bindigarka. Wani abin kuma, fuskar sakata, inda gindin kwanso ke zama, girma-girma ce. Ta .308 da .30-06 ɗaya ce, amma tsawon gidan ya bambanta, ta manyan magnum ta fi faɗi, ta .350 Legend ƙarama ce. Badame da ya canja ra'ayi zai sami wani gidan a ko'ina. Kai bahago sabon layi za ka shiga. A yanke maganar harsashi tun ranar farko, a kuma zaɓi wanda ake samu a kantin ƙauye.

Son rage nauyi ma yana da iyaka. Bindiga marar nauyi tana da daɗin saɓawa, amma haurinta ya fi zafi, kuma wanda bindigarsa ke haurinsa yakan fara runtse ido kafin ya ja kunama.

Komai a rubuce, wannan darasin da kuɗina na saye shi. Kowane sashe da sunansa, da kalmar hagu a gabansa. Nawa ne kafin alƙalami, me za a saya da shi, kuma idan aiki ya tsaya kayan na wane ne. Yaushe za a gama, a kuma ƙara wasu watanni a zuci, don hanci daga kamfanoni irin su Krieger ko Bartlein da layinsa, ƙota da nata, kayan hagu kuma ba kullum ake zuba su ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: makon bindiga na barewa a Ohayo yana farawa ne ranar Litinin bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, mai son ya fita da sabuwa ya ba da aiki tun bara. Da zarar an soma kuma ka daina kiran waya kana canja launi da tsawo. Idan an yi maka alƙawarin harbi zai taru cikin inci ɗaya a yadi 100, ka tambaya harbi uku ne ko biyar, kuma da wane harsashi, na kanti ko wanda maƙerin ya ɗura da kansa. Hanci kada ya gaza inci 16, ƙasa da haka wata doka ce daban.

'Yan'uwa baƙi su kula da takardunsu. Mai katin zama na dindindin yana iya mallaka kamar ɗan ƙasa. Mai bizar karatu ko ta aiki dokar tarayya ta hana shi, sai ta wasu 'yan ƙofofi, ciki har da riƙe lasisin farauta mai aiki, kuma jihohi suna da nasu ƙarin. A tambayi lauya kafin a ba da ko sisi. Masu tunanin za su sa ta a akwati su kai gida ranar komawa su ma su sauke wannan tunani. Fitar da ita daga Amurka sai da izini, shigar da ita Najeriya ko Nijar ma sai da izinin hukuma, kuma kama mutum da ita babu takarda ba ƙaramar magana ba ce.

Ranar karɓa kada murna ta sa ka sa hannu a tsaye. Ka rufe ido, ka ɗaga ta zuwa kafaɗa, ka buɗe: in ba ka ga cikakken da'irar madubi ba sai ka motsa kai, da sauran gyara. Ka cika gidan harsashi da na gwaji marasa albarushi, ka ja sakata a hankali, ka sake ja da ƙarfi kamar ɓauna ce ta taso maka, ka ga ko duk suna shiga suna fita. Ka gwada makulli da safar sanyi a hannu. Tawa ta biyun da ta iso, a gaban dillalin na yi duk wannan, yana kallona yana duba agogo, kwanson gwaji uku suka faɗi a hagu ɗaya bayan ɗaya, sannan na karɓi biro.