Yadda Ake Shawo Kan Illolin Magungunan Amosanin Gaɓoɓi da Neman Tallafin Nakasa

Duk wanda ya daɗe da amosanin gaɓoɓi ya san ciwon ba a gwiwa ko yatsu kaɗai yake tsayawa ba. Maganin da ke kwantar da raɗaɗin yakan jawo nasa: ƙwannafi, jiri, barcin rana, taurin bayan gida, ƙuraje a baki. Kafin a ankara aiki ya fara gagara, samu ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 528 ne ke fama da nau'in da ke zaizaye guringuntsi, wasu miliyan 18 kuma da nau'in da garkuwar jiki ke far wa gaɓoɓi, yawancinsu mata. Mutane sukan ɗauki maganar illar magani daban, maganar neman tallafi daban. A ganina tafiyarsu ɗaya ce, domin shaidar da likita ke bukata kafin ya gyara maka magani ita ce hukuma ke bukata kafin ta ba ka tallafi.

Mataki na farko: buɗe littafi

Ka samu ƙaramin littafi, ko ka yi amfani da wayarka. A shafin farko ka rubuta duk abin da kake sha: sunansa, yawansa, lokacin shansa, ranar da aka fara ba ka. Har da wanda ka saya da kanka, da maganin mura, da na gargajiya. Daga nan kullum ka rubuta layi uku ko huɗu. Minti nawa gaɓoɓin suka yi a sandare da safe? Me ka ji bayan shan magani, kuma bayan awa nawa? Me ka kasa yi yau? "Na sha wuya" ba ya gaya wa kowa komai. Abin da ke aiki shi ne irin wannan: "Yatsuna ba su saki ba sai kusan hantsi, na kasa ɓalle maɓallin riga, sai da aka taimaka min. Awa biyu bayan shan tramadol jiri ya hana ni tsayawa a gaban murhu." Mantuwa ba ta barin mai ciwo ya tuna abin da ya faru mako uku da suka wuce, amma littafi yana riƙewa.

Mataki na biyu: san halin kowane magani

Rukunin da aka fi sha shi ne masu rage kumburi, irin su ibuprofen, naproxen, diclofenac da celecoxib. Suna aiki, amma ciki da ƙoda ne ke biyan kuɗin. Suna rage sinadarin da ke kare bangon ciki daga ruwan narkar da abinci, shi ya sa suke iya jawo gyambon ciki da zubar jini, wani lokacin ba tare da wani gargaɗi ba. Ka sha su bayan ka ci abinci, a mafi ƙarancin adadin da ke maka aiki. Kada ka haɗa biyu daga cikinsu a lokaci guda; sauƙin ba ya ninkuwa, haɗarin ne ke ninkuwa. Idan za ka daɗe kana sha, ka tambayi likita game da omeprazole ko lansoprazole masu kare ciki. In ciwon a gwiwa ko hannu yake, man shafawa na diclofenac ko ibuprofen ya fi dacewa a fara da shi, tunda abin da ke shiga jini daga cikinsa kaɗan ne.

Akwai waɗanda bai kamata su taɓa wannan rukuni ba sai da izinin likita: mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa gyambon ciki, mai shan warfarin ko wani maganin tsinka jini, da mai asmar da aspirin ke tayar masa. Haɗa su da maganin sa fitsari da maganin hawan jini irin su lisinopril ko losartan na matsa wa ƙoda ƙwarai. Ranar da kake amai ko gudawa jiki ya bushe, ka dakatar da su ka nemi shawara. Idan kuma ka ga bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, ko jini a amai, ko ciwon ƙirji, asibiti za ka nufa a take.

Paracetamol ya fi sauƙi ga ciki, sai dai iyakarsa ga babba gram 4 ne cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma ƙasa da haka ga mai ƙaramin jiki ko mai ciwon hanta. Inda ake faɗawa tarko shi ne magungunan mura da co-codamol, waɗanda su ma akwai paracetamol a cikinsu. Ka riƙa karanta kwali.

Codeine da tramadol, masu kashe raɗaɗi mai tsanani, sau da yawa suna taurara bayan gida, don haka ka nemi maganin sassauta ciki tun ranar farko, ka yawaita shan ruwa. Suna sa barci da nauyin kai. Kada ka yi tuƙi idan kana jin haka, kada kuma ka haɗa su da giya ko maganin barci. Jiki na sabawa da su, shi ya sa wanda ya daɗe yana sha ba ya yanke su dare ɗaya, sai a hankali tare da likita. Tramadol na iya jawo jijjiga, kuma ba ya shiri da wasu magungunan ciwon damuwa. Ni dai ina ganin duk wanda ya kwashe watanni a kansu saboda amosani ya dace ya zauna da likitansa su duba ko har yanzu amfaninsu ya fi cutarwarsu.

A kan methotrexate, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki don ta rage far wa gaɓoɓi, zan fi jan kunne. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba. Mutane sun rasa rayukansu saboda wannan kuskuren kaɗai. Ka zaɓi rana guda, ka rubuta ta da manyan baƙaƙe a jikin kwalin. Ana haɗa shi da folic acid, wanda ake sha a wata ranar daban domin rage tashin zuciya da ƙurajen baki. Gwajin jini na hanta da ƙoda da ƙwayoyin jini wajibi ne, akai-akai da farko, daga baya a tsawaita zuwa kamar wata uku-uku. Kada a ba ka trimethoprim ko co-trimoxazole, wanda aka fi sani da Septrin, alhali kana kansa. Ka faɗa wa duk likitan da zai rubuta maka maganin kashe ƙwayoyin cuta. Busasshen tari da haki, zazzaɓi, ciwon maƙogwaro mai tsanani, ko tabon jini a fata ba tare da an buge ba, duk dalilai ne na dakatar da shi da neman likita a ranar. 'Yar'uwa, in kina da ciki ko kina shirin ɗauka, ki sanar tun kafin a fara, domin yana cutar da ɗan tayi. Wanda tashin zuciya ya dame shi kada ya jefar da maganin a ɓoye: ana iya mayar da shi allura, kuma da yawa sukan samu sauƙi da hakan.

Prednisolone, maganin rage kumburi mai ƙarfi, da safe ake shan sa bayan karin kumallo, don kada ya hana barci. Yana ɗaga suga da hawan jini, yana ƙara ƙiba, yana raunana ƙashi idan aka daɗe. Wanda ya wuce mako uku a kansa ba ya dainawa farat ɗaya. Mai shan hydroxychloroquine na bukatar gwajin ido, musamman bayan shekara biyar. Allurai irin su adalimumab da etanercept suna rage ƙarfin garkuwar jiki, shi ya sa ake gwajin tarin fuka kafin a fara su, kuma zazzaɓi a kansu ba abin rainawa ba ne.

Mataki na uku: kai wa likita littafin

Ka tafi da shi da kwalayen maganin gaba ɗaya. Ka fara da abin da ya fi damunka, ka tambaya kai tsaye ko za a rage adadi, ko a canja lokacin sha, ko a sauya magani. Sannan ka roƙi a rubuta illar a fayil ɗinka. Wannan roƙon ƙarami ne, amma nan gaba shi zai tsaya maka, saboda abin da ba ya cikin fayil da wuya hukuma ta yarda da shi.

Mataki na huɗu: gano tallafin da ya shafe ka

Kowace ƙasa da tsarinta. A Ingila da Wales akwai PIP, kuɗin tallafi ga masu nakasa ko doguwar larura, ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka da fansho, DWP, ga wanda ya kai shekara 16 bai kai shekarun fansho ba. Ba a duba albashi ko ajiya, kuma mai aiki ma yana iya samu. Sharaɗin shi ne wahalar ta kai wata 3, ana kuma sa ran za ta ƙara wata 9. Wanda ya kai shekarun fansho wani tallafin mai suna Attendance Allowance zai nema, Scotland kuma tana da nata tsarin. A Amurka hukumar fansho da tallafi ta gwamnati, SSA, ke kula da tallafi iri biyu: SSDI, na waɗanda suka yi aiki suka biya haraji, da SSI, na masu ƙaramin ƙarfi. Can ana son larurar ta hana aiki na aƙalla wata 12. A sauran wurare ka tambayi jami'in jin daɗin jama'a na asibitinka ko ƙungiyar masu bukata ta musamman. Kada ka jinkirta: a PIP, daga ranar da ka fara nema ake lissafa biya idan an amince.

Mataki na biyar: cike fom

A nan aka fi yin asara. A PIP da maki ake auna cancanta, kuma sunan ciwo ba ya kawo maki. Abin da ciwon ya hana ka shi ke kawowa. Mutum biyu na iya samun ciwo iri ɗaya, ɗaya yana hawa bene, ɗayan ba ya iya buɗe murfin kwalba. Fom ɗin PIP yana duba ayyuka 10 na yau da kullum, kamar girki, wanka, sa tufafi, shiga banɗaki da kula da shan magani, da ayyuka 2 na zirga-zirga. Maki 8 ke kawo ƙaramin matakin biya, 12 babba, a kowane ɓangare. Wanda ba ya iya tafiyar da ta wuce mita 20 yana samun babban matakin zirga-zirga.

Dokar PIP ta ce ba a ɗaukar mutum a matsayin mai iya aiki sai in yana yin sa ba tare da haɗari ba, yana yin sa yadda ya kamata, yana iya maimaitawa duk lokacin da bukata ta taso, kuma bai ɗauke shi fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya ba. Ana kuma duba abin da ke faruwa a fiye da rabin kwanaki. To ka auna kowace amsa da wannan ma'aunin. Idan kana iya wanka amma sai ka zauna a kujera, ba ka iya kai hannu bayanka, kuma bayan ka fito sai ka kwanta awa guda, amsar ba "ina iyawa" ba ce. Ka rubuta kujerar, da hannun, da kwanciyar. Ka ambaci sanda, da abin riƙewa a banɗaki, da wanda ke taimaka maka, har da taimakon da kake bukata amma ba ka da mai yi maka.

Illolin magani su ma su shiga. Idan washegarin shan methotrexate a kwance kake wuni, kwana ɗaya ke nan a kowane mako. Idan codeine na sa ka mantuwa har ka bar tukunya a wuta, wannan maganar haɗari ce. Dokokin SSA sun ambaci nau'in magani da yawansa da illolinsa a cikin abubuwan da ake dubawa. Ka haɗa da kwafin wasiƙun likita, sakamakon hoto da na jini, jerin magunguna, da shafukan littafinka na mako ɗaya ko biyu. Kwafi za ka aika, ka riƙe na asali, ka kuma ɗauki hoton fom ɗin kafin ya bar hannunka. Wata guda ake bayarwa a mayar da na PIP. In yatsu ba sa riƙe biro, ka kira ka nemi ƙarin lokaci, ko ka je ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice su taya ka kyauta.

Mataki na shida: ranar tantancewa

Ko ta waya ce, ko ta bidiyo, ko ido da ido, ka samu wani na kusa ya zauna da kai. Mai ciwo ya saba da cewa "da sauƙi" don kada ya ɗaga wa mutane hankali, kuma hali ne mai kyau, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ka ƙara gishiri, kada kuma ka rage. In an ce ka ɗaga hannu ko ka durƙusa, ka tsaya inda ciwo ya fara ka faɗa. In ka dace da rana mai sauƙi, ka ce yau da dama-dama, sannan ka bayyana yadda sauran kwanakin mako suke. Idan an tambaye ka yadda ka iso wurin, ka ba da cikakken bayani: wa ya kawo ka, sau nawa ka tsaya hutawa daga mota zuwa ƙofa.

Idan aka ƙi

Ana ƙin mutane da yawa a karon farko, ciki har da waɗanda suka cancanta, kuma abin na karya gwiwa. Ka duba kwanan watan da ke kan wasiƙar kafin komai. A PIP wata guda gare ka ka nemi DWP ta sake duba hukuncin. In ba ta canja ba, sai ka ɗaukaka ƙara gaban kotu mai zaman kanta, inda fiye da rabin waɗanda aka saurara suke yin nasara. A Amurka kwana 60 ne a kowane mataki, daga sake dubawa zuwa zama gaban alƙali. Ka nemi kwafin rahoton wanda ya tantance ka, ka bi shi layi-layi da littafinka a gefe. Duk inda aka rubuta cewa kana iya abin da ba ka iyawa, ka kawo rana, da abin da ya faru, da takardar likitan da ke goyon bayanka, ka aika kafin wa'adin ya cika.