Gyaɗa da mai ciwon ƙoda: inda aka fi yin kuskure

Da zarar likita ya ce ƙodar mutum ta yi rauni, sai 'yan gida su hana shi gyaɗa ɗungurungum. Sun yi gaggawa, domin ba kowane mai ciwon ƙoda ne fotasiyam, wani sinadari da ake samu a abinci, ke taruwa a jininsa ba. Gwajin jini ne ke raba gardama. Idan fotasiyam na tsakanin 3.5 da 5.0, fosfaras, shi ma sinadarin abinci ne, bai hau ba, cikin tafin hannu guda, wato kimanin giram 28, yawanci ba ya cutarwa. Fotasiyam ɗin da ke ciki kusan miligiram 200 ne, fosfaras kuma ya ɗan haura 100, kuma da ƙyar hanji ke tsotse rabin fosfaras ɗin, tun da na tsiro ne. Fosfaras ɗin da kamfanoni ke zubawa a baƙin lemon kwalba da naman gwangwani kuwa, kusan dukkansa jini yake shiga.

Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne rashin lissafa gyaɗar da ta ɓuya a abinci. Mutum zai rantse ya bar cin gyaɗa, alhali da safe kunun gyaɗa ya sha, da rana ya ci kwaɗon zogale da ƙuli, da dare ga tuwo da miyar taushe, ya ɗora da tsire an barbaɗe shi da yajin ƙuli. Ƙuli-ƙulin ma ya fi gyaɗar ƙarfi: an matse mai, furotin da fotasiyam da fosfaras ne suka rage a dunƙule. Shi man gyaɗa, wanda wasu suka fi tsoro, ba ya ɗauke da waɗannan. Gyaran shi ne a zaɓi guda ɗaya a yini, kuma a auna tun kafin a fara ci. Wanda ya ajiye kwalbar gyaɗa a gabansa yana hira, ba zai san inda ya tsaya ba.

Kunun aya ma a kiyaye. Dabino da kwakwa da ake markaɗawa ciki suna da fotasiyam sosai, kuma ga mai wankin ƙoda da aka ƙayyade wa ruwa, kofin kunun yana cikin lissafin ruwansa na ranar.

Sai gishiri. Abin da ake so kada ya kai giram 5 a yini, har da na dunƙulen magi, don haka a sayi ɗanyar gyaɗa a soya a gida ba gishiri, a tsince mai fumfuna a zubar. Kada a canza da "gishirin masu hawan jini" na kanti, galibinsa fotasiyam ne.

Mai shan maganin hawan jini irin lisinopril ko losartan ya ƙara kula, don magungunan suna riƙe fotasiyam a jiki, fotasiyam kuma yakan hau ba tare da wata alama ba har ya rikita bugun zuciya. Kada ya daina maganin da kansa. Ya riƙa yin gwaji a kan kari, ya kai sakamakon wurin likitansa ko masanin abinci na asibiti, ya faɗa musu ainihin abin da yake ci, har da ƙulin da ke cikin yaji.