Giya ta yi tauri: kurakuran da ke sa a sauke buwat a banza

Motocin gudu masu giyar hannu ba su da yawa a Yamai, amma masu su kusan rami ɗaya suke faɗawa. Saurayi ya samu Golf GTI, ko tsohuwar BMW E36, ko Nissan 350Z da ta taso daga Turai ta sauka tashar jirgin ruwa ta Lome. Bayan ƴan watanni lamba biyu ta fara ƙin shiga sai da kokawa. Kafin ka ce me ya kai ta garaji, an leƙa ƙarƙashinta, an ce masa buwat, wato akwatin giya, ta mutu. Na gaji da jin wannan hukunci daga bakin mutanen da ko fedal ba su taka ba.

Babban kuskure shi ne a sauke buwat tun ba a gwada kuloci ba. Idan ka taka fedal, faifan kuloci ya kamata ya rabu da inji sarai. In bai rabu ba, sandar da ke shiga cikin buwat za ta ci gaba da juyawa, sai ɗan zoben tagullar nan da ake kira sinkiro, wanda aikinsa daidaita gudun haƙoran giya kawai, ya koma kokawa da inji gaba ɗaya. Taurin da kake ji a hannunka ke nan. Buwat lafiyarta lau, kuloci ne ke riƙe da ita.

Gwajin ba ya cin ko dala. Kashe mota, taka fedal, bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. In suna shiga sumul, amma da ka tayar da inji suka yi tauri, to kuloci ne. Sai ka ƙara da giyar baya, wadda a motoci da yawa ba ta da sinkiro: taka fedal har ƙasa, jira ɗan lokaci, sannan ka sa. In ta yi ƙarrr, faifan bai saki ba. Ka kuma tattaka fedal a jere da sauri. In giya ta yi laushi bayan haka, iska ce ta shiga bututu, ko famfon kuloci na sama, wanda fedal ke turawa, ya fara gajiya.

Wani garaji ya taɓa riƙe mini mota a kan wannan. Suka sauke buwat, suka baje ta a kan kwali a cikin rairayi, haƙora nan, zobba can, yaran shago suna tsallake su da takalmi. Na biya kuɗin sinkiro sababbi da aka yi mini oda daga waje. Da aka mayar, taurin na nan yadda na kawo shi. Mai garajin ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, sai ta saba." Wani dattijon makanike ne daga baya ya zura kai ƙarƙashin sitiyari da tocila, ya shafa sandar da ke bayan fedal, ya nuna mini yatsansa jiƙe da man birki. Robar famfo ce ta tsage. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, domin ƙurar da ta shiga buwat ɗin a ranar da aka buɗe ta ba wanda ya biya ni.

Man da ke aikin kuloci man birki ne, DOT 3 ko DOT 4, kuma yana shan ruwa daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko wajen 155. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu da Mayu, da cunkoson gadar Kennedy inda ƙafarka ba ta sauka daga fedal, za ka gane dalilin da ya sa mota ke fita gida lafiya da safe, da azahar kuma lamba ɗaya ta ƙi shiga. A motocin Jamus da yawa kuloci da birki gora ɗaya suke sha, bakin bututun kuloci kuma yana sama da na birki, saboda haka in mai ya ragu kuloci ne ke fara jan iska alhali birki na kamawa. Ni duk shekara biyu nake zubar da shi in sa sabo, a fitar da iska. Kada kuma wani ya zuba maka man inji ko jan man giyar otomatik a gorar nan. Robobin kumbura za su yi, ka sayi famfo biyu. In matsalar ta famfo ce, inda kawai ba makawa sai an sauke buwat shi ne motar da famfonta na ƙasa, wanda ke tura kuloci, ke ciki, kamar 350Z ta 2007 zuwa sama da 370Z. In haka ta kama, canza faifan kuloci a lokaci guda, kada ka biya aikin sau biyu.

Sai maganar man buwat, inda nake yawan faɗa da mutane. Za ka ji an ce, "Zafin Nijar sai mai mai kauri," a ɗauko lamba 140 na babbar mota a ɗura wa ƴar motar da aka ƙera don 75W-90 ko abin da ya fi shi tsinkewa. Haba! Sinkiro da gogayya yake aiki, dole ya matse man da ke tsakaninsa da ƙarfe kafin ya kama. Ka cika masa mai mai kauri, yaushe zai kama? Wasu kuma suna ganin man giya mai lamba GL-5 ya fi GL-4 tun da lambarsa ta fi girma. Ba haka abin yake ba. GL-5 an yi shi ne don haƙoran difaransiyel, wato giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyi, an cika shi da sinadarin sulfa da fosfuras, yana iya yi wa sinkiro santsi fiye da kima, wasu nau'o'insa ma suna cin tagulla in suka yi zafi. Yawancin buwat ɗin hannu GL-4 suke so. Amma kada ka haddace wannan ka tafi da shi ko'ina: Subaru WRX GL-5 take sha domin buwat da difaransiyel na gaba mai ɗaya suke amfani da shi, Honda tana da nata man, buwat T5 ta Mustang ta ƙarshen shekarun 1980 zuwa 1990 kuwa jan man giyar otomatik ake zuba mata. A tsofaffin BMW akan samu takarda manne a jikin buwat ɗin da ke faɗin irin man. Goge taɓon ka karanta, ko ka buɗe littafin motar. Mai sayar da mai abin da ke kan kantarsa zai yaba maka.

Al'adata, duk motar da ta shigo hannuna sai na juye man buwat, ko da mai sayarwa ya rantse an yi bidanji, wato canjin mai, ko da kamfanin ya ce man na har abada ne. Noti na zubawa nake fara kwancewa kafin na ƙasa, don in na sama ya ƙi fita bayan ka tsiyaye mai, ka zauna ke nan. Ina tarar tsohon man a farar roba in fita da shi rana. Ɗan baƙin gari a kan maganaɗisun noti ba komai ba ne. Ƙyalƙyali ruwan zinariya kuwa tagullar sinkiro ce ke ci, gutsuren ƙarfe da za ka iya ɗauka da yatsa kuma labari ne mara daɗi. Ana cikawa ne har mai ya kawo bakin ramin, motar tana tsaye daidai, ba a karkace kan jak ba.

Sauran ƙanana ne. Taurin lamba biyu da sanyin safiyar hunturu, wanda ke tafiya in mota ta ɗumama, ba cuta ba ce. Toyota GT86 ta yi suna da shi tun fitowarta a 2012. Shimfiɗar roba da aka ninka ƙarƙashin fedal tana hana shi kaiwa ƙasa, cire ta. Sauke hannunka daga kan sandar giya in kana tafiya, cokalin da ke tura giya kake cinyewa. A Golf wayoyi biyu ne ke kai saƙon hannunka ga buwat, robobin bakinsu na bushewa da zafi da ƙura, a duba su a daidaita. In giya na tauri ne kawai lokacin da ka ba ta wuta, duba robobin da inji ke zaune a kai. Wanda kuma ya tsoma ƴar gajeriyar motarsa cikin ruwan da ke kwanciya a titunan Yamai a watan Agusta, ya ajiye ta mako guda, kada ya yi mamaki in faifan kuloci ya yi tsatsa ya manne, ko man buwat ya koma kalar madara.

Ga masu dannawa da ƙarfi kuwa, ku ji tsoron Allah. In lamba ɗaya ta ƙi a danja, saki fedal ka sake takawa, ko ka fara taɓa lamba biyu sannan ka dawo.

Akwai lokacin da laifin na sinkiro ne da gaske. Alamarsa, giya ɗaya ce tak ke ƙara, galibi ta biyu ko ta uku, kuma sai in ka yi sauri, sauran na shiga lafiya. Tabbatar da taka biyu: taka fedal, fitar da giya zuwa tsakiya, saki fedal, ɗan ba ta wuta in saukowa kake yi, sake takawa ka sa. In ta shiga shiru, zoben ya cinye. Da wannan tuƙin za ka iya zuwa Tawa ta Doso da Ƙonni ka dawo kafin kuɗin gyara su taru. In kuma ka zaɓi sayen buwat ta hannu a wurin masu tsofaffin kayan mota, kwafi lambar da ke jikin taka ka je da ita, ka sa a buɗe notin ƙasa a gabanka ka ga maganaɗisun, sannan ka juya sandar da hannu a kowace giya kafin ka ƙirga kuɗi.