Zama da mabiya addinin Buda: jagora ga ɗan Zariya mai shirin tafiya Malesiya ko Tailan

Malamin ABU da ya samu gurbin digiri na uku a Malesiya, ko ɗan kasuwar Sabon Gari mai sarin kaya a Bankok, ya saba zama da Kirista tun yana yaro. Wannan sabon zai taimaka masa, amma ba zai wadatar ba. A ƙidayar Malesiya ta 2020, Musulmi kashi 63.5 ne cikin ɗari, mabiya Buda kashi 18.7, yawancinsu 'yan asalin Sin. A Tailan kuwa sun haura kashi 90. Ke nan mai gidan hayarka ko malamin da zai duba aikinka yana iya zama ɗayansu.

Wurin abinci aka fi samun matsala. A wurin jumhurun malamai mabiya Buda ba Ahlul Kitabi ba ne, don haka hukuncin yankan Kirista bai shafe su ba. Nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta Malesiya, ko na CICOT, majalisar Musulunci ta Tailan. Gidan abincin ganye zalla mafita ce, amma ka tambaya ko sun sa giyar shinkafa a girki, domin wasu masu girkin Sin suna sawa. Idan aka kawo maka lemo ko tuffa a ranar biki, tambaya cikin ladabi ko daga gaban mutum-mutumin bautarsu aka ɗauko. In haka ne, yi godiya ka ce addininka bai ba ka dama ba. Sun saba jin haka daga Musulmin ƙasarsu.

Kai ma ka lura da naka. Da Babbar Sallah kada ka aika wa maƙwabci naman layya kai tsaye kamar yadda ake yi a Tudun Wada. Da yawa daga masu girmama Guan Yin, abar bautar da mabiya Buda 'yan asalin Sin ke ɗauka alamar jinƙai, ba sa cin naman sa, wasu ba sa cin nama kwata-kwata, kuma farkon ƙa'idodinsu biyar shi ne kada a kashe mai rai. Dabino ko cincin ya fi. Yanka kuwa a yi shi a masallaci ko mayanka, ba a harabar gidan haya ba.

Gaisuwar Tailan haɗa tafuka ce da sunkuyawa. In kana gudun abin da ya yi kama da ruku'u, ɗora hannu a ƙirji ka yi murmushi. Kada ka shafa kan kowa, ko da yaro ne, kada kuma ka miƙe ƙafa tana fuskantar mutum ko mutum-mutumin Buda. Mace ba ta taɓa malaminsu mai rigar ruwan goro, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, sai ta ajiye ya ɗauka. In za ka ba shi abinci, kai kafin rana ta take, domin bayan nan ba ya ci.

Sai harshe. Batun Musulmi 'yan Rohingya sama da 700,000 da suka tsere daga Myanmar, ƙasar da mabiya Buda suka fi yawa, zuwa Bangaladesh daga 2017 yana ci mana rai, su kuma ba su manta rusa mutum-mutuman Buda na Bamiyan a Afganistan da Taliban ta yi a 2001 ba. Abokin ɗakinka bai aikata na farko ba, kamar yadda kai ba ka aikata na biyu ba. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin bautar wasu, kuma gugar zana kan addini ko sarauta a Facebook tana iya kai baƙo gaban kotu a ƙasashen biyu. A Tailan zagin sarki kaɗai ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne.