Yadda tawagar injiniyoyi daga Kaduna za ta tsara tafiyar aikin sa kai zuwa ƙasar waje

A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana tura injiniyoyi da masu zanen gine-gine zuwa wasu ƙasashe domin su yi wa al'umma aiki kyauta. Ƙungiyar injiniyoyi Kiristoci ta Engineering Ministries International (EMI), wadda aka kafa a Amurka a 1982, tana tura ƙananan tawagogi su zana asibitoci da makarantu da hanyoyin ruwa, kuma a shekarar ne aka kafa ƙungiyar injiniyoyi marasa iyaka ta Faransa. Kaduna ba ta rasa mutanen da za su iya irin wannan aiki ba, domin ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Bayan haka muna da abin da baƙi daga nesa ba su da shi: injiniyan da ya tashi a Tudun Wada ko Unguwar Rimi zai sauka a Maraɗi ko Damagaram ko zangon Kumasi ya yi magana da mai gari ba tare da tafinta ba. Abin da ya rage shi ne tsari.

Mataki na farko shi ne a samu gayyata. Kada tawaga ta zauna a Kaduna ta yanke shawarar cewa wani ƙauye yana bukatar ɗakin shan magani, sannan ta tafi neman inda za ta dasa shi. Ya kamata buƙatar ta fito daga mutanen wurin, ta bakin wata ƙungiya ko kwamitin masallaci ko majami'a ko hukumar makaranta, kuma ta zo a rubuce. A cikin takardar a fayyace wane ne mai filin, wa zai biya kuɗin gini bayan an gama zane, kuma wa zai riƙa kula da ginin. Idan ɗaya daga cikin waɗannan amsoshi uku ta ɓace, gara a jinkirta tafiyar.

Mataki na biyu shi ne haɗa tawagar, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, saboda yawanci ana zaɓen abokai ne maimakon a zaɓi sana'o'in da aikin yake nema. Ƙaramar tawaga ta fi sauƙin ɗauka da ciyarwa, don haka mutum shida zuwa takwas sun isa yawancin ayyuka. Ana bukatar mai zanen gini, da injiniyan da zai lissafa ƙarfin harsashi da ginshiƙai, da injiniyan ruwa da tsafta, da safiyo mai awon fili, da mai ƙiyasin kuɗin gini, sannan injiniyan lantarki idan aikin ya haɗa da hasken rana. Masu sa hannu a kan zane su kasance masu rajista, injiniyoyi a COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta Najeriya, masu zane a ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini. Lalle a samu mace aƙalla ɗaya a cikin tafiyar, domin a ƙasar Hausa matan gida su ne suka fi sanin nisan rijiya da inda ya dace a yi makewayi, kuma akwai zauren da namiji baƙo ba zai wuce ba. A bar gurbi ɗaya ko biyu ga ɗalibai. Suna riƙe tef da rubuta awo, suna kuma koyon abin da aji ba ya koyarwa.

Kafin a sayi tikiti ko a ɗauki shatar mota, a naɗa shugaba guda ɗaya, kuma ba dole ne ya zama wanda ya fi kowa shekaru ba. Wannan magana tana da nauyi a wurinmu, domin ƙaramin injiniya yakan ji kunyar gyara lissafin babba. A amince tun a Kaduna cewa a kan zane kowa yana da ikon cewa "Ranka ya daɗe, a sake duba wannan ginshiƙi," kuma ba za a ɗauke shi a matsayin raini ba. Haka nan, tawagar da ta fito daga Kaduna da wuya ta rasa Musulmi da Kirista a cikinta, saboda haka a tsara jadawalin aiki yadda Juma'a da Lahadi ba za su zama abin gardama a filin aiki ba. Ma'aji ya zama daban da shugaba, kowane kashe kuɗi kuma a rubuta shi a ranar.

Mataki na uku takardu ne da lafiya. Kowa ya tabbatar fasfonsa yana da sauran wa'adi, ya kuma mallaki katin rigakafin shawara, wanda ake tambaya a kan iyaka. Rigakafin sanƙarau ma yana da muhimmanci ga mai zuwa yankin Sahel a lokacin zafi. Masu nufin Nijar su tuna cewa ƙasar ta fice daga ECOWAS a hukumance a ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, don haka su tambayi ofishin jakadancinta a Abuja ƙa'idojin shiga na yanzu da halin tsaron hanya, ko ta Jibiya za su bi zuwa Maraɗi ko ta Kongolam zuwa Damagaram. Na'urorin awo a rubuta lambobinsu a takarda a nuna wa kwastan tun wajen fita, domin kada a nemi haraji a kansu wajen dawowa. Jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto kuwa a bar shi a gida sai in an sami izini a rubuce.

Mataki na huɗu, wanda ya fi kowane tsawo, shi ne kwanakin farko a filin aiki. Ranar isa ta gaisuwa ce: a je wa mai gari, a je ofishin magajin gari, a gabatar da kai. Washegari a zaga filin da ƙafa tare da dattawan wurin, ana tambaya ana saurare, ba a fito da takardar zane ba tukuna. Su ne za su nuna inda ruwa yake kwanciya da damina, da ɓangaren da iskar hadari take kaɗowa tana yaye kwano, da tsohuwar maƙabarta da ba ta cikin kowace taswira, da burtalin da shanu suke bi. Safiyo ya fara awo, injiniya kuma ya sa a haƙa ramukan gwaji a wurare dabam-dabam domin ya ga irin ƙasar da harsashi zai zauna a kai, ko yashi ce ko laka mai kumbura ko marmara. Injiniyan ruwa ya auna zurfin rijiyoyin da ke kusa, ya tambayi yadda suke a ƙarshen rani. Ƙa'idar da masu aikin agaji suke bi ita ce ramin makewayi ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, ƙasansa kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa.

A cikin waɗannan kwanaki mai ƙiyasi da injiniyan gini su tafi kasuwa. Su ga kaurin rodin da ake sayarwa, da girman bulon da ake bugawa, da irin katako da kwano, da farashin buhun siminti da kuɗin ƙasar, sefa ne ko sidi. Mu a Kaduna mun saba da bulo mai inci tara da mai inci shida, alhali a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka da santimita ake magana, kuma zanen da aka yi da awon da birkilan wurin bai saba da shi ba zai sa ya riƙa fasa bulo yana ciko. Su zauna da magina da kafintocin garin su ga aikin hannunsu. A ra'ayina, duk abin da sai an yi odarsa daga Kano ko Legas bai kamata ya shiga zanen ba, sai in babu makawa. Kada kuma a raina ƙasa a matsayin kayan gini: makarantar firamare ta Gando da mai zanen gini Francis Kéré ya gina a Burkina Faso a 2001 da bulon ƙasa ta sami lambar yabon zanen gine-gine ta Aga Khan a 2004, kuma masallacin Dandaji a Nijar, wanda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka zana, da matsattsen bulon ƙasa aka gina shi. A wurin da zafi ya yi yawa kuma babu wutar lantarki, katanga mai kauri da rufi mai barin iska ta ratsa sun fi fanka amfani.

Kowane dare tawagar ta zauna taƙaitaccen zama, kowa ya faɗi abin da ya gano, saboda mai zane yana iya ɗora aji daidai inda injiniyan ruwa ya tanadar wa tanki.

Mataki na biyar shi ne gabatar da zanen farko kafin a taso. A tara jama'a, a kafa turaku a ja igiya a filin domin kowa ya ga faɗin ɗakunan da idonsa, tunda ba kowa ne yake iya karanta zane a takarda ba. A raba aikin kashi-kashi, yadda idan kuɗi ya ƙare bayan kashi na farko abin da aka gina zai yi amfani shi kaɗai. A kuma nemi injiniya ɗan ƙasar ya duba ya sa hannu, domin hatimin COREN a Najeriya yake da ƙarfin doka, kuma injiniyan nan ne zai kasance a wurin ranar da za a zuba kwankare, ya tabbatar an bi haɗin da aka rubuta kuma an riƙa ba shi ruwa har kwana bakwai aƙalla.

Mataki na ƙarshe a Kaduna ake yin sa, kuma shi ne yake kashe ayyuka da yawa, domin da an dawo kowa yakan koma ofishinsa da hidimar iyalinsa. Tun a hanyar dawowa a raba sauran aikin da suna da rana: wane zai kammala zanen harsashi, wance za ta rubuta rahoton ruwa, wane zai haɗa jerin kaya da farashi. Idan Nijar ce, a fassara bayanan da ke kan zanen zuwa Faransanci saboda ofisoshin gwamnati, a kuma rubuta gajeren bayani da Hausa domin magina. A aika kwafi uku da aka buga a takarda, ɗaya ga masu gayyata, ɗaya ga injiniyan wurin, ɗaya ga shugaban magina, sannan a ware mutum ɗaya daga tawagar wanda za a riƙa turo masa hotunan aikin ta WhatsApp yana amsa tambayoyi har a ɗora rufi.