Bes ya yi rauni a hedfon: kurakuran da ake yi kafin a zargi amfilifaya

Na gaji da jin kuka iri ɗaya daga bakin sababbin shiga: mutum ya sayi hedfon mai tsada, ya haɗa da amfilifayar tebur (na'urar ƙara ƙarfin sauti), bes, wato sautin ƙasa mai kauri, bai yi masa ba, tambayarsa ta farko ita ce wace amfilifaya zai saya kuma. Dakata tukuna. Sau da yawa amfilifayar lafiyarta ƙalau.

Zan fara da wanda ya ci mini kuɗi, don har yau yana yi mini ciwo. Ina da hedfon rufaffe da na shekara biyu ina amfani da shi kullum. Bes ya riƙa raguwa a hankali, har ganga ta koma kamar ana dukan kwali. Na ɗora wa amfilifaya laifi, na karyar da ita, na cika kuɗin da na daɗe ina tarawa na sayo wadda ta ninka ta tsada. Na haɗa, na kunna, ba abin da ya canza. Bayan kwanaki ina gyara zaman hedfon ɗin a kaina, sai na danna kofunan biyu da tafin hannu, nan take bes ya dawo cif. Ashe soson da ke zagaye kunne ne. Zafi da gumi sun lotsar da shi, fatar ta tsage.

Rufaffen hedfon yana samar da bes ne ta hanyar matsa iskar da ke tsare tsakanin sifikarsa da kunnenka. Da zarar iskar ta sami kafar fita, sautukan ƙasa, wato bes, ne ke fara tsiyayewa. Kafar kuwa ba sai soso ya mutu ba: hannun tabarau yana buɗe ta, haka bakin hula, haka ɗankwali ko kitso mai kauri. Ni dai hula nake fara cirewa, in ɗaga hannun tabarau ya hau kan soson, in na gama in goge gumin, kuma kusan duk shekara nake sa sabon soso. Ka nemi irin wanda hedfon ya zo da shi, don na fata da na karammiski ba sauti ɗaya suke bayarwa ba. Wannan gwajin na dannawa da hannu kyauta ne, bai kai minti ɗaya ba. Wallahi abin takaici ne mutum ya kashe kuɗin wata guda bai yi shi ba.

Sai filogi. Yawancin amfilifayoyin tebur bakin milimita 6.35 gare su, hedfon kuma 3.5, sai an sa adafta. In filogin bai shiga har ƙarshe ba, ko ka cusa wayar hedfon da ke da makirfo, mai zobe uku, a adaftar da ba tata ba, layin da kunnuwan biyu suke tarayya a kansa yana iya yankewa. Abin da zai rage maka shi ne bambancin hagu da dama kawai. Bes da muryar mawaƙi kuwa a tsakiya ake ajiye su, sai su ɓace tare, ka ji kamar daga cikin rijiya. Ka tura filogin har ya zauna, ko ka canza adafta.

Inda amfilifaya ke da laifi da gaske shi ne turjiya, wato yadda na'ura ke tare gudun wutar lantarki, wadda ake aunawa da om. Kowane hedfon yana da tasa, bakin fitar sautin amfilifaya ma yana da tasa, kuma mutane ba sa duba ta biyun ko kaɗan. Ƙa'idar da nake bi ita ce ta amfilifaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta hedfon. Hedfon mai om 32 yana son om 4 ko ƙasa. Sennheiser HD 600 mai om 300 zai jure har kusan 37. Wasu amfilifayoyi masu kwalaben lantarki irin na rediyon da, da bakin hedfon na tsofaffin rasiba (amfilifaya mai haɗe da rediyo), suna haura om 100. Ka haɗa musu hedfon mai om 32, bes zai kumbura ya saki, ya rufe sauran kayan kiɗa. Dalili shi ne turjiyar hedfon ba ta tsayawa wuri ɗaya, takan yi tozo a yankin bes, sai yankin ya kwashi ƙarfi fiye da rabonsa. Akwai masu son wannan ɗumin, ba na musu da su, amma a san abin da aka zaɓa. Wata amfilifayar kuma kafasita ce, ɗan kayan lantarki mai tare sautukan ƙasa, a bakinta: mai maikurofarad 100 da hedfon mai om 32 tana fara yanke sauti daga wajen Hz 50 (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramin adadi shi ne bes) zuwa ƙasa, alhali da mai om 300 sai wajen Hz 5. Shi ya sa amfilifaya ɗaya za ta yi wa abokinka daɗi, kai ta bar ka da bes siriri.

Masu ikwalaiza kuma, wato abin ɗaga ko rage wani yankin sauti, ku ji tsoron Allah. Mutum ya ɗaga bes da desibel 10 (ma'aunin ƙarar sauti) a manhajar Equalizer APO, bai rage jimillar ƙarfin da ke shiga ba, sauti ya dinga karcewa, ya ce sifika ta fashe. Desibel 10 ninki goma ne na wutar da ake buƙata, desibel 6 ninki huɗu. Duk abin da ka ƙara wa bes, ka rage daidai shi a jimilla, sannan ka murɗa amfilifayar ta cike gurbin. Ni ba na wuce desibel 5, kuma ƙasa da Hz 100 nake tsayawa, don in ka taɓa wajen 200 sautin ya dagule.

Kunne ma yana da nasa hali. Tun 1933 masu binciken sauti Fletcher da Munson suka nuna cewa in murya ta yi ƙasa, bes ne kunne ke fara rasawa. Saboda haka in kana gwada amfilifaya biyu ka daidaita ƙararsu, in ba haka ba wadda ta fi ƙara ce za ta ci. Kada kuma ka mai da ƙure murya magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babba iyakar desibel 80 na awa 40 a mako.

Sauran ƙanana ne. Ka kashe duk ƙarin gyaran sauti na Windows kafin ka yanke hukunci. Gurnanin da kake ji ko ba kiɗa ba bes ba ne, Hz 50 ne na wutar gida, ka sa kwamfuta da amfilifaya a soket ɗaya ka gani. Wayar hedfon mai tsada ba ta ƙara bes, in tsohuwar ba ta yanke ba bar ta. In kuma dukan ƙirji irin na sifikun gidan biki kake nema, hedfon ba ya taɓa ƙirji, buɗaɗɗe irin HD 600 ma can ƙasa-ƙasa dama sauka yake yi, haka aka ƙera shi, babu amfilifayar da za ta canza wannan.