Yadda ake yi wa tsohuwar motar Amurka kuɗi, a sayar da ita ba tare da an gyara ba

A ce Ford Mustang ce ta 1966 ko Chevrolet Chevelle ta 1970, ta daɗe a kulle a wani gareji a jihar Ohio, tayoyi sun sace, ɓeraye sun yi gida a kujerar baya, sai ga ta ta faɗo hannunka, ko ta gado ko ka saye ta a gwanjon kayan gida. Zuciya za ta raya maka ka kai ta wajen fanel bita a fesa mata fenti kafin ka fitar da ita kasuwa. Kada ka yi. Masu sayen irin waɗannan motoci sun fi son su ga mota yadda take, da tsatsarta da ƙurarta, domin sabon fenti a jikin tsohuwar mota zargi yake jawowa: me aka rufe? Gyara na gaskiya kuma kusan kullum yana cin kuɗin da ya wuce abin da zai ƙara wa motar. Aikinka ka gano wace mota ce, ka auna ɓarnar da ke jikinta, ka sa mata kuɗin da irinta ke fita.

Ka fara da lambar shasi

Motoci biyu na iya zama iri ɗaya a ido, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗaya sau da yawa, kuma harafi guda ne ya raba su. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da muka saba gani sai daga 1981 ta zama doka. Kafin nan kowane kamfani da tsarinsa. Ta Mustang ta 1965 da 1966 guda 11 ce. Ɗauki wadda ta fara da 6F09K: 6 shekarar ce, 1966, F na nufin a masana'antar Dearborn aka haɗa ta, 09 ita ce mai rufin da ya gangaro har baya, wadda aka fi nema, K kuma inji ne 289 mai ƙarfin doki 271. Da harafin nan T ne, to inji mai silinda shida ne, kuma ciniki ya sauka ƙasa sosai. Ford ta ƙera Mustang sama da 600,000 a 1966 kaɗai, don haka tsufa kawai ba ya sa ta tsada. Ƙarancin irinta ne ke sa wa.

Akwai ɗan faifan ƙarfe a ƙofar direba mai ɗauke da lambar, amma ƙofa ana canza ta. Ka buɗe bonet, ka duba wadda aka buga a jikin ƙarfen gefen inji, ɓangaren direba, ka ga ko ta yi daidai da ta ƙofa da ta takarda. Idan sun saɓa, ka san haka tun kafin mai saye ya gano.

Wasu motocin lambar ba ta faɗar komai. Chevelle SS ta 1970 ba a gane ta daga lambar shasi, haka GTO ta 1964 da 1965, wadda a lokacin ƙari ne kawai a kan Pontiac LeMans. Kowa na iya sayen tambari ya manna. A nan ne takardar masana'anta ke da daraja, wato 'yar takardar da ma'aikata ke bi wajen haɗa motar, wadda sau da yawa sukan cusa ta a wani lungu su bar ta. Ka neme ta a ƙarƙashin kujera tsakanin wayoyin ƙarfe, ko a bayan bangon ƙofa, ko ƙarƙashin kafet, ko a saman tankin mai. Za ka same ta ta yi ja, tana neman marmashewa. Ka ɗauki hotonta a inda take kafin ka taɓa, sannan ka zaro ta a hankali ka sa a leda. Idan ta nuna LS6, wato injin 454 mai ƙarfin doki 450, wannan 'yar takarda ta fi komai da ke cikin garejin daraja. Motocin Ford daga 1967 zuwa sama ana sayen rahotonsu daga Marti Auto Works, na Pontiac kuma daga PHS, kamfanin da ke riƙe da tsofaffin takardun Pontiac. Kuɗi kaɗan ne, kuma yana kashe gardama.

Sai inji. Masu tara motoci suna biyan ƙari mai yawa idan injin da giyabos ɗin su ne waɗanda motar ta fito da su daga masana'anta. A Chevrolet ana buga lambar a wani fili a gaban injin, ɓangaren fasinja. Ka goge wurin da tsumma da ɗan kananzir. Kada ka sa sanfefa, domin masana har layin da injin masana'anta ya bari a kan ƙarfen suke dubawa don gane lambar bogi.

Takardar mallaka

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, amma yana iya rage kuɗin mota sosai. Motar da ba ta da takardar mallaka da sunanka, yawancin masu saye za su ɗauke ta a matsayin kayan kwancewa. Dokar kowace jiha daban. Niyok, alal misali, ba ta ba da takardar mallaka ga motocin 1972 zuwa ƙasa, takardar rajista ce ake miƙa wa mai saye. Idan ta gado ce, ka kammala da ofishin rajistar motoci na jiharka, sunan mamaci ya koma naka, kafin ka yi talla.

Tsatsa

Inji ana sake shi a mako guda. Kujeru, gilashi, bamba, duk ana ƙera sababbi na Mustang da Camaro da Chevelle, ana aikowa har gida. Tsatsa ce ke cin shekaru da dukiya, ita ce kuma mai saye zai fara nema, don haka ka riga shi.

Inda motar ta yi rayuwarta yana da tasiri. A Mishigan da Ohio da Fensilbeniya ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin ya cinye ƙasan mota. Motar Arizona ko Nebada kuwa rana ta ƙone fentinta, dashbod ya tsattsage, amma ƙarfen lafiya lau. Idan kana da shaidar cewa motarka a can ta zauna, ka faɗa a layin farko na talla.

Ka ɗaga ta a kan abin tokare mai ƙarfi, ba jak kaɗai ba, ka shiga ƙasa da tocila da sukudireba. Ka riƙa danna ƙarfen. Wurin da ke da lafiya zai yi ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sukudireba zai nutse, ɓarɓashi ya zubo maka a fuska. Ka duba daɓen ƙafa, daɓen but, ƙasan ƙofofi, bakin taya na baya, da gindin gilashin baya, musamman idan motar tana da rufin roba, domin ruwa na kwanciya a ƙarƙashinsa. Chevelle da Impala bodi ne a kan shasi daban, ana iya raba su. Mustang da Dodge Charger kuwa bodin shi ne shasin, idan ginshiƙan ƙasa sun ruɓe motar gaba ɗaya ta karye. Tsohuwar Mustang tana da wata sananniyar cuta: ka zuba ruwa a ragar da ke tsakanin bonet da gilashin gaba, ka leƙa ciki. Idan ruwa ya ɗigo a inda ake sa ƙafa, cikin wurin ya huje, kuma gyaransa sai an yanka walda an buɗe. Corvette jikinta ba ƙarfe ba ne, kada wannan ya ruɗe ka, shasinta da ƙarfen da ya kewaye gilashi suna tsatsa kamar na kowa.

Daga nan ka naɗe ƙaramin maganaɗisu a tsumma ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka lafta a wani tsohon gyara.

Kada ka murza makulli

Injin da ya daɗe a kwance, fetur ɗin cikinsa ya zama danƙo, silinda sun bushe. Ka sa sabon batir ka murza, kana iya lalata abin da yake lafiya. Ka cire fulogi, ka zuba ɗan mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu, sannan ka sa doguwar sufana a kan babban notin gaban inji ka gwada juyawa da hannu. Idan ya juya, wannan labari ne mai ƙara kuɗi, ka ɗauki bidiyo. Idan ya cije, ka bar shi, ka rubuta cewa ya cije. Wanki kuwa ruwa da sabulu ya isa, ka share kashin ɓera da safar hannu da takunkumi, ka hura tayoyi ta iya gungurawa. Kada ka zubar da ko da noti ɗaya. Tsohuwar kabureta da ke yashe a but tana iya zama ta asali mai lambar kwanan wata.

Sa kuɗi

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ga an sayar da irin motarsa a gwanjon Barrett-Jackson na Scottsdale ko na Mecum a Kissimmee a watan Janairu, a talabijin, ya ce tasa ma haka. Waccan an kwance ta har ƙusa an sake haɗawa. Ana kuma yawan kafa hujja da Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim, wadda Mecum ya sayar dala miliyan 3.74 a Janairun 2020 ba tare da an gyara ta ba. Tarihinta aka saya a can, ba tsatsarta ba.

Ka fara da ma'aunin kamfanin inshora na Hagerty, wanda ya kasa motoci huɗu, daga 1 mai kyan gasa zuwa 4 mai lahani da ake gani. Amma ka lura, ko mai lamba 4 tana tashi tana tafiya. Taka idan ba ta tashi, tana ƙasa da haka. Jagoran farashi na Old Cars ya fi dacewa da kai, domin ya kai har 6: lamba 5 mai gyaruwa, 6 ta kwancewa.

Ma'auni ya ba ka iyaka ne kawai. Farashi na gaskiya yana wajen motocin da aka riga aka sayar. Shafin gwanjon motoci na intanet Bring a Trailer yana barin sakamakon gwanjonsa a buɗe, da hotuna da abin da masu tayi suka ce, eBay ma yana nuna waɗanda aka sayar. Ka nemo waɗanda suka yi daidai da taka a shekara, da siffar bodi, da inji, da yawan tsatsa, na shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Kuɗin da mutane ke nema a talla ba hujja ba ne, wata motar ta shekara tana jiran wanda ba zai zo ba.

Wasu na cewa a ɗauki kuɗin gyararriya a cire kuɗin gyara. A ganina wannan lissafi na mai saye ne, da shi yake karya farashi. A ce gyararriya tana fita dala 60,000, gareji kuma ya ce gyara 70,000, sai a ce maka motarka ba ta da daraja, alhali irinta ana saye kullum. Masu sayenta mutane ne da ke aikin da hannunsu a ƙarshen mako, ba sa lissafa guminsu. Inda lissafin ya yi gaskiya shi ne mota mai ƙofa huɗu ko mai silinda shida da ta ruɓe. Irin wannan, kwance ta a sayar da kaya ɗaiɗai kan fi kawo kuɗi, in kana da wuri da haƙuri.

Talla da ciniki

Hotuna su yi yawa, da hasken rana, kuma mummunan wuri ya fi samun kaso: ramin daɓe, ƙasan mota, lambobin nan duka, takardu, da kayan da ke cikin kwalaye a baje a ƙasa. Agogon tafiya na wancan zamani alƙaluma biyar ne, bayan mil 99,999 yana komawa sifili, don haka idan ba ka da shaida ka rubuta abin da ya nuna, ka ce ba a tabbatar ba.

Mota mai wuyar samu da takardu ta cancanci gwanjo, inda masu so za su yi ta tayi a kan juna, amma ka sa mafi ƙarancin kuɗin da za ka sallama, ka kuma lissafa la'ada. Mota gama-gari kuwa shafin tallan tsofaffin motoci na Hemmings ko Facebook Marketplace sun wadatar, ko kasuwar kayan tsofaffin motoci ta Carlisle ko ta Hershey a watan Oktoba. Kada ka yi mamaki idan kira ya zo daga Suwidin ko Holan ko Ostireliya, can ma suna ƙaunar motocin nan. Dilolinmu masu sayen mota a gwanjon Copart su turo Kwatano ko Legas ba kasuwarsu ba ce wannan, Najeriya ma ta ƙayyade shekarun motar da ake shigowa da ita.

Wanda ya zo zai nuna maka tsatsa ya girgiza kai. Tunda kai ka fara nuna masa ita a hoto, ba shi da sabon abin rage kuɗi, in tayin bai kai ba ka ce albarka. Idan kun daidaita, ya ba da kafin alƙalami a rubuce, da ranar cikawa.

Sai damfarar da ta fi yawa: wani ya aiko cek ɗin banki da ya wuce kuɗin mota, ya ce ka tura wa mai janwe ragowar. Bayan kwanaki cek ya dawo na bogi, kuɗinka ya tafi. Ka karɓi kuɗi ta banki zuwa banki, ko tsaba a cikin banki a ƙirga a gabanka, ko ta Escrow.com, shafin da ke riƙe kuɗin mai saye har ciniki ya kammala. Makulli da takarda ba sa barin hannunka sai bankinka ya tabbatar kuɗi sun zauna. Ku rubuta takardar ciniki kwafi biyu, da lambar shasi, da cewa an sayar da ita yadda take. Idan waje za ta, kwastam na Amurka na buƙatar asalin takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin a loda ta. Bayan ta hau tirela, ka sanar da ofishin rajistar jiharka cewa ta bar hannunka, ka bi dokar jihar kan lambar mota, sannan ka soke inshora.